Zanen Gem ko Katun: Wanne Zai Bar Maka Hannun Zana Labarinka?

Ɗauki mai shayin unguwarku. Ka san yadda yake ɗaga kofi har kusan kafaɗa, ya saki shayi ya zubo kamar igiya cikin ɗayan kofin da ke ƙasa, ko ɗigo bai fantsama ba. In kai mai labarin zane ne, wato labarin da ake bayarwa da hotuna a jere cikin akwatuna, magana kuma a cikin kumfa, akwati uku sun ishe ka: hannu a sama, igiyar shayi, sai fuskar yaron da ke jira riƙe da biredinsa. Abin da ke tsakanin akwatunan, mai karatu ne zai cike da kansa.

Mai katun bai samu wannan sauƙin ba. Fim yana tafiya da hoto 24 a kowane sakan, kuma masu zanen hannu sukan bar kowane zane ya tsaya sau biyu, wato zane 12 a sakan. Zubin shayi na sakan uku zane 36 ke nan, kuma a cikinsu dole a ga nauyin kofin, a ga hannu ya ɗan yi ƙasa kafin ya tashi, a ga hannun riga ya biyo baya. Shi kuwa mai zanen gem, wato wasan da ake bugawa a waya ko kwamfuta, zubin ma ba shi ne damuwarsa ta farko ba. Zai gina butar, da kofunan, da bencin, da gwangwanayen madarar da aka jera kamar dala, ta gaba da ta baya da ta sama, domin bai san ta inda mai wasa zai ɓullo ba. Sannan duk wannan kayan sai sun yi sauƙin da wayar talaka za ta ɗauka ba tare da ta yi zafi ta tsaya ba.

Na kawo mai shayi ne saboda tambayar da matasa masu zane suke yawan yi. Mutum yana da littafi cike da labarin da ya ƙirƙira, jarumi da abokin gaba da gari duk sun zauna, sai dama ta samu ta yin karatu, ko ɗan kuɗin kwas, ko shekara biyu da iyaye suka ce a je a koyo sana'a. Labarin zane shi kaɗai da wuya ya ciyar da mai shi a farkon tafiya, don haka ido ke komawa kan maƙwabtansa biyu da ake ɗaukar ma'aikata, zanen gem da katun. Kowa tambayarsa wanne ya fi kawo kuɗi. Ni wadda na fi damuwa da ita daban ce: wanne ne in ka wuni kana yinsa zai bar maka ƙarfi da basirar zana shafinka da dare? An ce taura biyu ba ta taunuwa, amma akwai wadda ta fi 'yar'uwarta shiga baki tare da labarin zane, kuma amsar tana wurin da shafinka yake ɗingishi.

Abin da katun zai zuba a hannunka

Makon farko a ajin katun na kirki, ba jarumi za a ba ka ba. Ƙwallo za a ba ka. Ka zana shi yana faɗowa, ya daki ƙasa, ya lotse, ya miƙe, ya tashi. Daga nan a ce ka mai da shi na ƙarfe, sannan ka mai da shi balan-balan, ba tare da ka taɓa siffarsa ba, sai dai tazarar da ke tsakanin zane da zane. Bayan ƙwallo sai buhun gari, buhu mara fuska mara hannu, a ce ka sa shi ya ji kunya, ya yi fushi, ya yi sanɗa. Sai tafiya, wadda kowa ke rainawa har ranar da ya gwada. Tafiyar dattijo mai ciwon gwiwa daban, ta budurwa ɗauke da tulu daban, ta yaron da aka aika yana tsoron duhu daban.

Tushen wannan karatu ƙa'idoji 12 ne da wasu dattawan kamfanin Disney biyu, Frank Thomas da Ollie Johnston, suka tattara a littafi a 1981. Wanda ya taɓa kallon dambe ya riga ya san rabinsu. Ɗan dambe ba ya kai naushi sai ya ja hannu baya ya tara ƙarfi, wannan shi ne shirin motsi kafin motsi. Mai babbar riga in ya juya ya tsaya, rigar ba ta tsayawa tare da shi sai ta gama nata juyin, wannan shi ne abin da ke biyo baya. Ba komai ake koya maka ba illa ka ga abin da idonka ya saba wucewa.

A nan ne katun ya fi yi wa mai labarin zane amfani. Yawancin shafukan masu farawa da nake gani, matsalarsu ba rashin kyan zane ba ce. Inuwa ta yi, launi ya yi, amma mutanen ciki a sandare suke kamar hoton fasfo. Uwa tana faɗa, ɗa yana sauraro, amma in ka rufe kumfar magana da yatsa ba za ka san wa ke fushi ba. Wanda ya sha wahalar buhun gari ya rabu da wannan ciwon, domin ya koyi cewa kafaɗa da ƙugu suna magana kafin baki. Ya kuma koyi zaɓen lokaci. A cikin zane 36 na zubin shayi, guda uku ne kawai ke ɗauke da labarin, kuma waɗannan ukun su ne akwatunanka.

Akwai kuma wani reshe a cikin katun da yake kusan ɗan'uwan labarin zane na jini, wato allon labari. Kafin a motsa komai, wani zai zauna da rubutun fim ya zana shi hoto-hoto: ina kyamara take, wa ke gaba, yaushe za a yanke a koma fuskar wancan. Aikin da kake yi a shafinka ke nan, sai dai bambanci biyu. A fim girman akwati ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kai kuwa kana iya miƙar da akwati ya cika shafi ko ka matse shi ya zama siriri. Sannan a fim darakta ke riƙe da lokaci, a littafi kuwa mai karatu ne, ya ga dama ya tsaya a akwati ɗaya minti guda. In da za a ce in zaɓar wa mai labarin zane aiki ɗaya a duk masana'antun biyu, wannan zan zaɓa.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Katun na hannu yana cin abin da labarinka yake ci. Minti ɗaya zane 720 ne. Wanda ya wuni yana zana hannu ɗaya yana matsawa kaɗan-kaɗan, in ya dawo gida wuyan hannunsa da idonsa da ƙeyarsa duk sun gaji, kuma su ne dai zai nema ya zana shafi. Jiki magayi. Mutane da yawa ba sha'awa ce ta bar su ba, hannun ne ya ƙi. Katun na kwamfuta mai siffa uku, wato 3D mai tsawo da faɗi da kauri, ya fi sauƙi ta wannan gefen, domin 'yar tsana ce aka riga aka gina aka sa mata ƙashi da gaɓoɓi, kai kana juya ta a manhajar Maya ko Blender. Za ka koyi nauyi da lokaci da wasan kwaikwayo, hannun zanenka kuma ya huta, sai dai layinka ba zai ƙaru da komai ba, wannan kai za ka nema wa kanka.

Zanen gem ba abin da ake zato ba ne

Yawancin masu cewa suna son zanen gem, abin da ke ransu shi ne zama su ƙirƙiro jarumai da dodanni da makamai a takarda, wasu su je su gina. Aikin akwai shi, amma kujerunsa 'yan kaɗan ne a kowane kamfani, kuma masu nemansa sun fi na kowane reshe yawa. Mafi yawan guraben suna wajen gini ne: masu gina wuri, masu gina kayayyaki, masu gina mutane, masu sa ƙashi, masu haske, masu wuta da hayaƙi da ƙura, da masu zana maɓallai da alamomin da ake taɓawa a fuskar waya.

Bari mu bi butar mai shayi mu gani. Za ka fara sassaƙa ta da dukkan lotsewarta da tabon gawayi, a Blender ko ZBrush, har ta kai alwatika dubbai ko miliyoyi, domin duk abin da ke cikin gem da ƙananan alwatika ake saƙa shi. Wannan ta yi wa gem nauyi, don haka sai ka sake saƙa mata wata raga mai sauƙi a kanta. Sai ka feɗe fatar ragar ka shimfiɗa ta a fili, kamar yadda majemi ke shimfiɗa fatar akuya, domin a iya yi mata fenti. Sai ka kwaso lotsewa da tabon waccan mai nauyi ka manna su a wannan mai sauƙi a matsayin hoto, ido ya ga kamar suna nan alhali babu. Sai fenti, inda za ka faɗa wa kwamfuta ina ne ƙarfe, ina ne tsatsa, ina ke sheƙi. Girman hoton fentin ma a ƙayyade yake. Daga ƙarshe ka kai ta injin gem, wato manhajar da ke tafiyar da wasan, irin Unity ko Unreal ko Godot, ka gani ko ta zauna. Dalilin duk wannan wahalar lissafi ne mai sauƙi. Gem mai tafiya da hoto 60 a sakan yana da ƙasa da kashi 17 cikin 1,000 na sakan ya zana duk abin da ke fuska. Fim kuwa yana iya ba hoto ɗaya awoyi.

Rabin wannan aiki fasaha ne, rabi kanikanci. Wanda ba ya haƙuri da sunayen fayil, da gyaran abin da ya ɓaci ba a san dalili ba, da mai rubuta manhaja ya dawo maka da aiki ya ce ka rage masa nauyi, zai sha wuya.

To me mai labarin zane zai samu a nan? Gari zai samu. Ciwo na biyu da ke damun shafukan masu farawa shi ne bayan mutane fari fat, ko layi biyu a ce ɗaki ne. Zana zaure da soro da tsakar gida daga kusurwa goma daban-daban, kuma ƙofa ta ci gaba da zama inda take, aiki ne mai cin rai. Amma in ka gina gidan jaruminka sau ɗaya a Blender, da zankwayensa da rijiyarsa da turken awaki, ka samu wurin da za ka ajiye kyamara duk inda kake so, ka ɗauki hoto, ka bi layin da alƙalaminka, a akwati ɗari ko ɗari biyar. Masu labaran zane na waya a Koriya ta Kudu sun daɗe suna yin haka da manhajar gini ta SketchUp, shi ya sa suke iya fitar da sabon kashi duk mako. Keke Napep, rumfar kasuwa, motar haya, masallacin unguwa, duk gini ɗaya ne amfani har ƙarshen labari. Wannan yana sayo maka lokaci, wanda shi ne abin da ya fi yi wa mai labarin zane ƙaranci. Ƙari a kan haka, aikin yini da na dare ba su cika cin hannu ɗaya ba: da rana linzamin kwamfuta, da dare alƙalami.

Abin da ba zai ba ka ba shi ne jerin labari. Kana iya shekara uku kana gina duwatsu da ƙofofi masu ban sha'awa ba wanda ya taɓa tambayarka me ya kamata mai karatu ya gani kafin ya juya shafi.

Akwai wani batu da ba zan tsallake ba, tunda a gidajenmu ana tayar da shi. Malamai sun yi magana a kan zana abu mai rai, kuma fahimtarsu ta bambanta. Ba fatawa na zo bayarwa ba, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Sai dai wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ko iyayensa suka ƙi, ya sani cewa a zanen gem akwai rassa cikakku, gina wuri da kayayyaki da haske da maɓallai, waɗanda mutum zai yi shekaru a ciki bai zana fuska ba. A katun irin wannan ƙofar ƙarama ce, kusan zanen bango da shimfiɗar wuri kawai.

Na'ura, wuta da data

Nan bambancin a fili yake. Katun na hannu za a iya fara shi da waya mai manhajar FlipaClip, ko tsohuwar kwamfuta da ƙaramin allon zane na Huion ko XP-Pen ko Wacom. Manhajar zane ta Krita kyauta ce, kuma tun 2016 tana motsa zane. OpenToonz ma kyauta ce tun wannan shekarar, kuma asalinta manhajar da gidan katun na Ghibli a Japan ya yi shekaru yana aiki da ita ce. Clip Studio Paint, wadda masu labarin zane da yawa suka fi so, tana motsa zane ita ma, sai dai a lura: ƙaramar sigarta ba ta wuce hoto 24, sai babbar. In an ɗauke wuta kuma, takarda da fensir ba sa mutuwa. Kana iya tsara motsi gaba ɗaya a gefen littafi kana jujjuya shafuka da babban yatsa.

Zanen gem mai siffa uku yana son kwamfuta mai katin hoto na kirki, wato ɓangaren da ke sarrafa hotuna, da ƙwaƙwalwa mai yawa, kuma irin wannan kwamfutar tana shanye batir cikin ɗan lokaci in tana aiki mai nauyi. Sauke Unreal kaɗai gigabait ne masu yawa, kafin a zo maganar sabuntawa. Wanda ba shi da sola ko janareta ko wurin aiki mai tsayayyar wuta ya yi wannan lissafin kafin ya biya kuɗin kwas. Hanya mai sauƙi akwai: Godot ƙarami ne ƙwarai kuma kyauta, zanen gem na waya mai siffa biyu, wato 2D shimfiɗaɗɗe, kuma ba ya neman babbar na'ura.

Kuɗin manhaja bai kamata ya hana kowa ba yanzu. Blender, wadda Ton Roosendaal na ƙasar Holan ya sake ta kyauta ga duniya a 2002, tana hidimar ɓangarorin biyu, har da zanen hannu a cikinta. Fim ɗin ƙasar Latbiya da ya ci kyautar Oscar ta katun a 2025, da ita aka yi shi.

Ina za a koya

Manyan makarantun wannan fanni a waje suke: Gobelins a Paris da Sheridan a Kanada wajen katun, DigiPen a Amurka wajen gem, SCAD a Amurka da Jami'ar Kyoto Seika a Japan da ke da sashen labarin zane kansa. Shiga da wuya, kuɗi kuma da yawa, sai wanda ya samu tallafi. A gida, sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello Zariya da Kwalejin Fasaha ta Yaba a Legas tsofaffin gidaje ne na koyon zane daga tushe, siffar jiki da launi da tsarin hoto. Kada a raina wannan tushen, domin manhaja tana canzawa duk shekara, shi kuwa yana nan. Gidan katun na Triggerfish da ke Afirka ta Kudu yana da darussan katun kyauta a intanet. Kamfanin Maliyo Games na Legas, wanda Hugo Obi ya kafa a 2012, ya buɗe shirin horarwa mai suna GameUp Africa domin masu son shiga aikin gem.

Duk inda za ka biya kuɗi, kada hoton gini da jerin kwamfutoci su ruɗe ka. Ka ce a nuna maka aikin ɗaliban da suka gama bara, ba na malami ba. Ka tambayi ina suke aiki yanzu. Ka tambayi sau nawa a mako wani zai zauna ya duba naka aikin ya ce nan ba daidai ba, domin wannan gyaran shi ne abin da kake saya, darasi kuwa yana YouTube a banza. A masana'antun biyu, kundin ayyukanka ake fara dubawa kafin takardar shaida: mai katun ya nuna ɗan bidiyo na minti ɗaya ko biyu, mai gem ya nuna 'yan ayyuka kaɗan da aka gama har cikin inji. Duk da haka digiri yana da ranarsa, wajen bautar ƙasa da aikin gwamnati da neman biza da kwanciyar hankalin iyaye, kuma waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne.

Kasuwa, da waɗanda suka riga mu

Ba zan ce maka ɗayan biyun tudun mun tsira ne ba. A 2023 da 2024, kowace shekara an sallami ma'aikata fiye da 10,000 a masana'antar gem ta duniya. A watan Janairun 2024 kaɗai Microsoft ta sallami 1,900 daga sashenta na gem, Unity kuma 1,800. Katun shi ma aikin kwangila ne, in shiri ya ƙare sai a jira na gaba. A Najeriya, katun yana da ƙananan ƙofofi da yawa da gem ba shi da su: tallace-tallace, saƙonnin lafiya da ilimi na ƙungiyoyi, bidiyon yara, taken fina-finai. Shirin yara na Bino and Fino da Adamu Waziri ya ƙirƙira, a Abuja ake yinsa. Aikin gem kuwa kamfanoninsa kaɗan ne a nan, mafi yawa daga nesa ake yi wa na waje, wanda ke nufin intanet mai ƙarfi da Turanci da hanyar karɓar kuɗi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda manyan nasarorin yankinmu suka taso. Kugali, kamfanin da ya yi Iwájú tare da Disney, shiri mai kashi shida da ya fito a Fabrairun 2024, da labaran zane ya yi suna kafin Disney ta neme shi. Marubucin labaran zane Roye Okupe ya fitar da littafinsa na farko a 2015, katun ɗin labarinsa na Iyanu kuma bai hau Cartoon Network ba sai 2025, shekara goma yana tara littattafai, ciki har da na wata sarauniya mayaƙiya da ya samo hasken ta daga tarihin Amina ta Zazzau. Ta gefen gem, Leti Arts na Ghana suna fitar da jarumansu a gem da labarin zane tare, haka Kiro'o Games na Yawunde suka yi da gem ɗinsu na 2016. A duk waɗannan, abin da ya yi daraja shi ne labari da jaruman da mutum ya mallaka. Littafin da kake zanawa da dare ba wasa ba ne a gefen karatu, shi ne kadarar.

Ba kuma yau aka fara a yankinmu ba. Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya zauna a Tawa shekaru masu yawa, ya yi katun na kwaɗi masu mulki tun 1966, bayan ya je Kanada ya ga yadda shahararren mai katun Norman McLaren ke aiki. Ya rasu a 2015. Kayan aikin da ke cikin wayarka yau sun fi duk abin da yake da shi a lokacin.

Yadda zan yanke

Ka ɗauko shafuka goma na ƙarshe da ka zana ka baje su a tabarma. Ka rufe duk maganganun, ka kira ƙanwarka ko abokinka ka ce ya faɗa maka me ke faruwa. In ya kasa gane wa ke murna wa ke tsoro, in faɗa ya yi kama da gaisuwa, katun kake buƙata, kuma ka karkata ga allon labari. In ya gane komai amma ya ce a ina suke, ko kuma kai ka san kana guje wa duk wani akwati mai titi da gini, zanen gem kake buƙata, reshen gina wuri. In kana jin daɗin kwance abu ka ga yadda yake aiki, gem zai karɓe ka. In kai mai kwaikwayon tafiyar mutane ne a zaure har a yi ta dariya, wurinka katun.

Ga yawancin waɗanda zuciyarsu ke kan labari, ni katun nake ba wa rinjaye, da sharaɗi biyu: kada a nutse a zanen hannu mai cinye yini, sannan a ware wata uku ko huɗu a koyi gina wuri a Blender, iyakar abin da shafi ke buƙata, ba sai an kai ga raga da inji ba. Wanda ya zaɓi gem kuma ya nemi darasin allon labari a gefe. Yana da wata gada ma da na katun ba shi da ita: Ren'Py, manhaja kyauta da ke mai da hotuna da rubutu su zama labarin da mai karatu ke zaɓar hanyarsa. In za a fitar da shi kasuwa, rajistar mai saka manhaja a Google Play dala 25 ce sau ɗaya, Steam, kasuwar gem ta kwamfuta, kuma dala 100 ne kowane gem.

Ko wanne ka ɗauka, labarinka zai rayu ne in ka rage masa buri. Wannan babban labarin mai littafi goma ka ajiye shi tukuna. Ka yi mai shafi takwas ko goma sha biyu, baƙi da fari, mutum uku, wuri biyu, ka gama shi. In za ka buga a takarda, ka tuna maɗaba'a da huɗu-huɗu take lissafin shafi. In a waya za a karanta, ka tsara shi a tsaye tun farko, yadda yatsa zai ja shi sama. Ka tsayar da lokaci guda, ko bayan asuba ko safiyar Asabar, shafi ɗaya a mako, lokacin jarrabawa ma ko akwati biyu ne. A shekara shafi hamsin ke nan. Aikin gida da malami ya bayar kuma, duk inda aka bar maka zaɓi, ka sa jarumanka da garinka a ciki, in an ce a motsa tafiya ta zama tafiyar jaruminka, in an ce a gina ɗaki ya zama ɗakinsa.

Sai dai kafin ka yi haka, ka karanta takardar da ka sa wa hannu. Wasu makarantu da kamfanoni suna rubuta cewa abin da ka ƙirƙira a ƙarƙashinsu, ko da na'urarsu, nasu ne ko suna da haƙƙi a ciki. Ka nemi a rubuta sunan labarinka da jarumanka a fili cewa naka ne tun kafin ka zo, ka ajiye tsofaffin zanenka masu kwanan wata, kuma ka zana shafinka a naka allon, a naka lokacin.

In har yanzu kana waswasi, kada ka biya ko sisi tukuna. Ka ba kowanne mako biyu. A na farko ka motsa mai shayi yana zuba shayi, sakan uku, a Krita ko a waya. A na biyu ka gina teburinsa da butarsa a Blender, ka kai su Godot ka zagaya su. A cikin makonni huɗun ka ci gaba da zana shafinka na mako, ka kuma rubuta a bayan kowane shafi ranar da ka gama shi da yadda hannunka yake ji.